Angon Kwata

Duk wanda ya taɓa kai ɗinki layin telolin da ke bakin Sabon Gari, ta ɓangaren da ke kallon Fagge, ya san Obadiah Tela. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa da 'yan ƙananan ƙafafu, irin ƙirar da aka yi domin taka keken ɗinki kawai. Mutumin Wusasa ne ta Zariya. Ya sauka a Kano daga jirgin ƙasa tun yana saurayi, da almakashi a aljihu, ya auri Dina, suka hayayyafa, furfura ta cim masa a kan wuyan kaftanin mutane. Keke ɗaya ya sani a duniya, shi ne wanda ake takawa yini guda ba a je ko'ina ba. In za shi Kantin Kwari sayo yadi, a ƙasa yake tafiya, yana cewa ƙafa ba ta shan mai.

A Kwarin ne yake da Alhaji Goni mai shagon shadda, ɗan Kwaciri. Sunan ne kawai na Barebari, amma mutumin Bakano ne har ɓargo. To, kun dai san Bakano da Bazazzagi. Abokan wasa ne tun kakanni, kowa na kiran kowa bawansa, kuma dokar wasan ɗaya ce: ba fushi, ba kai ƙara. Wanda ya ɓata rai shi ne ya faɗi. In an yi maka sai ka haɗiye, ka jira ranarka.

Ranar auren Mercy, 'yarsa ta fari, ta faɗo a tsakiyar damina. Obadiah ya ɗinka wa kansa farar shadda, irin ɗinkin da bai taɓa yi wa wani mai kuɗi ba, ya sa ta tun da safe, ya leƙa Fagge karɓo hularsa a wurin mai wankin hula. A hanyar dawowa akwai wani lungu inda kwata ke tumbatsa duk damina, ta yi kududdufi baƙi ƙirin. Yana raɓawa ta gefe a hankali, ya tattare riga kamar amarya, sai ga Goni a kan babur, shi ma bikin za shi. Hanya ga ta nan a bushe ta ɗaya gefen. Goni ya bar ta, ya murɗa, ya ratsa tsakiyar ruwan.

"Bawana, na ga ba ka yi wanka ba ne, na ce bari in taimaka," in ji shi, ya wuce yana dariya.

Obadiah ya tsaya, ruwan kwata na ɗiga daga gemunsa. Da kwat ɗin aro ya miƙa 'yarsa a coci, hannun kwat ɗin ya rufe masa har farce, kuma haka ya fito a kowane hoto. Wannan da sauƙi. Mai shayin bakin lungun ne ya raɗa masa suna, kafin mako ya zagayo sunan ya riga shi shiga Kwari. Daga 'yan dako har masu shago, Angon Kwata. Mutumin da ya tufatar da rabin unguwa, yanzu yara na bin sa da shi.

Ya yi dariya tare da kowa, don doka ce. A cikinsa kuwa tukunya ce a kan wuta. Ya yi tunanin gajarce wa Goni ƙafar wando ɗaya, ya ga sunan sana'arsa zai ɓata. Kuma wasa da mudu ake yin sa, da abin da aka auna maka za ka auna. Sai ruwa, sai babur, sai gaban jama'a, in ba haka ba sunan zai raka shi kabari.

Ya je ya sayo tsohon roba-roba, ƙaramin babur ɗin nan mai jikin roba wanda ba shi da kulochi, ya turo shi gida da hannu. Dina ta dube shi, ta dubi abin.

"Baban Mercy, in ka gaji da ni ne ka faɗa mini. Ba sai ka bi ta asibitin ƙashi ba."

Wa zai koya masa? In ya tambayi wani namiji a Fagge, kafin la'asar Goni ya ji. Sai ya faɗa wa maƙwabciyarsa Adaugo mai busasshen kifi, wadda a garinsu can Gabas mata ke hawa mashin zuwa kasuwa tun suna 'yan mata. Hausa a bakinta kamar jakin Kano, tausayi kuwa ba ta sayo shi ba. Duk Lahadi bayan an tashi daga coci sai su nufi wani fili a bayan Tashar Jirgi.

"Oga Tela, totur ne wannan, ba wuyan kaza ba. A hankali ake murɗa shi."

Ya murɗa a hankali, babur ya mutu. Ya murɗa da ƙarfi, babur ya tafi ya bar shi a zaune a ƙasa. Salansar babur mai zafi ta yi masa tambari a ƙwauri, ya ɓoye wa Dina har sai da ƙuda ya tona. Amma babbar masifar a ƙafarsa take. Giyar roba-roba abin takawa ne mai gaba da baya, yatsu su danna, dunduniya ta danna. Ƙafar da ta tsufa a kan keken ɗinki tana jin wannan sai ta ce an zo gida. Da kanta take kama kaɗawa, gaba, baya, gaba, baya, babur na tsalle yana tari kamar akuyar da ta haɗiyi leda.

"Ka daina yi wa hanya ɗinki," in ji Adaugo. "Ba ta yage ba."

"Madam, ba ni ba ne, ƙafar ce."

"To ka sauke ta ka hau da wata. Wai ma ina za ka da tsufanka?"

"Akwai wanda zan yi wa wanka."

Ta dube shi sama da ƙasa, ta gyara ɗaurin zani. Daga ranar ta ƙara masa da yammacin Laraba. Mace in ta ji ƙanshin ramuwa, ko ba tata ba ce, sai ta kawo itace.

Kafin ƙafar ta ji magana, damina ta fara naɗe tabarma. Obadiah, wanda ko tumatir bai taɓa shukawa ba, ya koma kallon gabas fiye da manomi. Kullum sai ya bi ta lungun ya duba kududdufinsa, ya ga yana ƙanƙancewa. In ya ƙafe, sai baɗi, kuma suna in ya shekara ya zama na yanka. Sai wata Alhamis da yamma hadari ya haɗo, aka sheƙa ruwan ban kwana, kwata ta cika ta batse.

Washegari Juma'a. Obadiah ya san Goni a ƙasa yake zuwa masallaci saboda cunkoso, kuma ta lungun yake bi. Ya gan shi zai wuce, cikin farar babbar riga da ta sha sitaci, ya ƙyale shi. Ba a yi wa mai zuwa gaban Ubangiji wasa da ruwan kwata, wannan ko Bazazzagi ya sani. Ya jira aka sauko, lungu ya cika da mutane, Goni ya dawo ya fara raɓawa ta gefen ruwan.

Obadiah ya buga babur, ya sa giya, ya taho. Abin da Adaugo ba ta koya masa ba, don filin tasha ba ruwa, shi ne fantsama sai da gudu. Yana ganin baƙin ruwan a gabansa hannunsa ya saki totur. Babur ya shiga kududdufi kamar mai neman izini, ya wuce Goni ko ɗigo bai taɓa shi ba, tayar baya ta faɗa wani rami dab da bakin ruwan, inji ya yi tari ya mutu.

Lungu ya kece da dariya. Goni har da riƙe ciki.

"Ango, ka dawo ganin amarya ne? Yaushe bayi suka fara hawa mashin ban sani ba?"

Obadiah kuwa ƙafafunsa cikin taɓo, yana ta buga kik don tayar da inji, yana jin sunan na ƙara yi masa tsawo.

"Bari in fitar da kai, kada a ce na bar dukiyata a kwata," in ji Goni. Ya naɗe hannun riga a kafaɗa, ya tsaya a kan busasshiyar ƙasa a bayan babur, ya sunkuya ya kama ƙarfen kaya, yana waiwayen jama'a don kowa ya shaida.

A bugu na gaba inji ya kama. Obadiah ya leƙa madubi. Ba abin da ke cikinsa sai farar shadda, daga wannan gefe zuwa wancan, tana daidai bayan taya. Ya damƙe birkin gaba da duk ƙarfin yatsun da suka saba da almakashi, ya danna giya sau ɗaya tak, ya murɗe totur har ƙarshe, irin murɗar wuyan kazar da aka hana shi.

Taya ta juya a cikin rami ba ta tafi ko'ina ba. Abin da kwatar Fagge ta tara tun farkon damina, shi ta kwashe ta miƙa wa Alhaji Goni, daga hula har takalmi, har cikin bakin da yake dariya da shi. Obadiah bai saki ba sai da ya ga ba sauran fari a madubin. Sannan ya sassauta birki, babur ya fice da kansa.

Juyawa a kan babur kuwa ba a kai ga wannan darasin ba. A ƙarshen lungu ya sauka, ya juyo da shi da hannu, ya sake hawa, ya dawo a hankali ta busasshen gefe ya tsaya. Goni na nan inda yake, hannuwa a buɗe, idanu kawai ake gani. Jama'a suna jira su ga ko zai yi fushi, shi ma ya san abin da suke jira. Ya tofar da abin da ke bakinsa, ya yaƙe haƙora da ƙyar.

"Alhaji, ka yi haƙuri, ɗan koyo ne ni," in ji Obadiah.

Mai shayi ya ajiye ludayinsa, ya leƙo ta kan tebur, ya ƙare wa Goni kallo.

"Ashe dai angon na gaske sai yau ya iso," ya ce. "Yara, ku raka shi gida."