Awakin Hafsatu da Tumakinta

Har gobe ba na mantawa da ranar da muka zauna duba jarrabawar ƙarshen shekara a wata sakandaren 'yan mata a Kurfi, shekarata ta farko a koyarwa. A ƙa'idarmu, da makin lissafi ake tantance masu shiga ajin kimiyya. Shugaban sashe, Malam Lawal, shi ke fitar da tambayoyi da amsoshinsu, mu ƙanana mu bi.

Tambaya ta ƙarshe kan wani garke ce mai awaki, tumaki da kaji: kawuna ashirin, ƙafafu hamsin da shida. Amsar Malam: kaji goma sha biyu, awaki uku, tumaki biyar.

Sai na zo kan takardar Hafsatu, wata shiru-shiru 'yar garin Rawayau mai burin aikin jinya. Ta sami kajin daidai, sannan ta rubuta: "Awaki da tumaki takwas ne a haɗe. Ko ɗaya da bakwai, ko biyu da shida, duk ƙafafun sun cika." In na bi amsar Malam, ta faɗi, ajin kimiyya ya wuce ta.

Na duba takardar tambayoyin da aka raba wa yara, na gwada ta da ta asali. Ashe injin kwafe takardu ya yanke layin ƙasa, mai cewa tumaki sun fi awaki da biyu. Abu uku ake nema, bayani biyu aka bai wa yara.

"Malam, yarinyar nan ta yi daidai."

"Malama Zainab, ke da tausayi! Lissafi amsa ɗaya gare shi."

"In bayani ya cika ba, ranka ya daɗe. Ga abin da suka gani. A fitar min da uku da biyar daga ciki."

Ya gyara tabarau, ya karanta, ya juya bayan takardar, ya yi tsaki.

"In na gyara wa ɗaya, sai an sake duba na kowa. Jibi za a miƙa sakamako. Wa zai yi?"

"Ni."

"Kin ji bakinki ko?"

Na ji. Ana tashi kowa ya hau babur ya nufi Dutsin-Ma, ni ina ƙarƙashin dalbejiya da tulin takardu har la'asar sakaliya. Washegari ma haka. Hafsatu ta haye, tare da wasu da suka raba takwas ɗin yadda ya yi musu.

Abin da na koya, ƙannena sababbin malamai, shi ne: kafin ku ɗora jan biro a kan yarinya, ku tabbata kun ba ta duk abin da kuke nema a wurinta.