Ƙafar Auta da Motar Alhaji

Autata tana da shekara tara lokacin da mota ta buge ta. Ranar Alhamis ce, ranar kasuwar Maigatari, ranar da titin da ya bi ta gefen ƙauyenmu ba ya hutawa tun hantsi. Na aike ta ta kai wa babanta fura a gona, suna yankan riɗi a tsallaken titi. Ni na ɗora mata ƙwaryar a ka, har na ce ta yi sauri kada furar ta tsinke.

Motar a-kori-kura ce sabuwa fil, ta Alhajin da ke sayen riɗi da zoɓon garinmu duk kaka. Ɗansa ne ke tuƙi, shi kuwa ko lasisi bai yi ba. Cinyarta ta dama ta karye. Ko da na isa bakin titi, ba mayafi ba takalmi, har an ɗauke ta. Na zaci Gumel aka nufa da ita. Ashe wurin wani maɗori aka kai ta, can wajen Ɗanzomo. Alhaji ya ce a asibiti yanke ƙafa ake yi, kuma za a tsaya tambaye-tambaye har a kira ɗan sanda. Wannan ta biyun ita yake gudu, amma a lokacin kaina bai kai nan ba.

Bayan kwana uku ya zo gidanmu tare da liman da mai gari. An sauke buhun shinkafa, da goro, da turmin atamfa wai nawa. Ina tsaye a bayan zaure ina jin su. Alhaji bai ma gama ba da haƙuri ba maigidana ya tare shi.

"Haba Alhaji, ko mutuwa ta yi me zan ce? Ƙaddara ta riga fata. Na yafe, duniya da lahira."

Zauren ya ɗauki kabbara. Wani ya ce, "Kai, Malam ya cika mutum." Aka yi addu'a aka shafa. Ni ba a tambaye ni ba, mai ƙafar ma ba a tambaye ta ba. Da maigidana ya shigo cikin gida fuskarsa har ƙyalli take yi. Rabon da in gan shi cikin farin ciki haka tun sunan ɗanmu na fari.

Kwana arba'in aka kwance karan ɗori. Ƙafar ta fito siririya, tafin ya juya yana kallon waje, kuma in na jera ta da 'yar'uwarta sai in ga tsawonsu ba ɗaya ba ne. In na tsayar da yarinyar sai ta ƙanƙame ni tana cizon leɓe. Maɗori ya ce a yi haƙuri, a riƙa shafa man shanu. Na shafa har hannuna ya gaji.

Ana nan sai ƙanena ya zo duba ta. Direba ne, yana jigilar fasinja tsakanin Gagarawa da Gumel da wata tsohuwar mota. Ya ɗaga zanen da na rufe ta da shi, ya daɗe yana kallo, sannan ya ja ni gindin darbejiya.

"Yaya, wane ne ya ce a kai ta wurin maɗori? Karayar cinya ce fa, ba targaɗe ba. A Kano akwai likitocin ƙashi, za su sake gyara shi su sa ƙarfe, tun ƙashin yana ɗanye."

Na ce, "Kai ma ka san ba mu da halin Kano."

"Wa ya ce ku za ku biya?"

Ya zaro wata takarda daga aljihu, duk ta sha maiƙo, ya buɗe mini. Ya ce sunanta inshora, kuma iri biyu ce. Akwai ƙarama, wadda doka ta ce dole duk mai mota ya yanka kafin ya hau titi. Ita ba don motar ake yin ta ba, don wanda motar za ta buge ne, ko mutum ko dukiyarsa. Kamfanin da aka yanka a wurinsa shi zai ɗauki maganin. Akwai kuma babba, wadda ta haɗa da wannan, sannan in motarka ta lalace ita ma a gyara maka.

Na ce, "Kai wacce gare ka?"

Ya yi dariya. "Ni? Akwalar nan da sai an tura take tashi? Ranar da ta mutu ai sai dai a yi mini gaisuwa. Ƙaramar ta ishe ni. Babbar ta mai sabuwar mota ce, wanda in ta ragargaje shi ma ya ragargaje. Irin Alhajinku. Na rantse babbar gare shi."

"To, ni ban taɓa jin an biya wani ba."

"Ina za ki ji? Mu a tasha takardar nuna wa 'yan sanda muka ɗauke ta. Ku kuma kafin jini ya bushe kun yafe. Sai an rubuta gaskiya, Yaya. 'Yan sanda su rubuta, likita ya rubuta. Ko kamfani ya yi gardama saboda yaron ba shi da lasisi, Alhaji ai yana nan, hukuma ta sa shi ya biya."

Na bari sai washegari da rana, da maigidana ya ci tuwo ya sha ruwa, sannan na durƙusa na faɗa masa a hankali, yadda na saba. Ya saurare ni har ƙarshe yana sakace.

"Wato in koma gaban liman in lashe amaina? In ja Alhaji wurin 'yan sanda? Baɗi ƙaninki ɗan tasha ne zai sayi riɗin?"

Na ce, "Malam, ƙafar ce nake dubawa."

"Ni ma ina da ido. Wanda ya karya shi zai ɗora."

Ya nuna sama da tsinken sakacen, ya tashi ya fita.

Na yi niyyar in sake gwadawa bayan mako guda, don ni a sanina ruwa ma a hankali yake cin dutse. Ban samu makon ba. Ranar Litinin akawun Alhaji ya zo, wani dattijo mai tabarau, da takarda. Wai kamfani na son shaidar wanda gonarsa ke bakin titi kafin a gyara gaban motar. An rubuta da Turanci, an kuma rubuta da Hausa a ƙasa don mai shaida ya san abin da ya shaida. Sai aka duba, akawu ya manto tawadar dangwale. Na ji maigidana daga zaure yana cewa, da alfahari a muryarsa, "Ai ba komai, mai ɗakina ta yi yaƙi da jahilci. Ta iya rubuta sunana tsaf."

Gaskiya ya faɗa. Shekara biyu na yi ina zuwa ajin matan aure da la'asar, kuma sunansa ne abu na biyu da na koya bayan nawa.

Ya shigo ya miƙo mini takarda da biro, ya nuna layin da ke ƙasa. Yarinyar tana kwance a tabarma a inuwar rumbu, kusa da mu. Ni karatuna sai da yatsa, kuma sai na furta a fili nake ganewa. Na fara bi, baƙi bayan baƙi. Takardar ta ce shi, mai gona a bakin titi, ya gani da idonsa ranar Alhamis jaki ya faɗo titi, motar Alhaji ta buge shi, fitila da gaban mota suka lalace. Ta ce direban Alhaji ne ke tuƙi. Ta ce ba mutumin da ya ji rauni, kuma mai jakin bai nemi komai ba.

Yarinyar ta ɗago kai. "Inna, wane jaki?"

Babanta ya ce, "Ke, rufe mana baki." Ya juyo gare ni. "Na ce ki karanta ne? Rubutawa na ce ki yi."

"Malam, in na rubuta wannan, an rufe mata hanyar Kano ke nan. Ba mai sauraronmu kuma."

"Takarda ce fa kawai, don a gyara wa bawan Allah motarsa. Shi ma ai asara ya yi. Baƙo na jira a zaure, kada ki kunyata ni."

"Ka yi mini rai, ka ba ni zuwa gobe."

Bai ɗaga murya ba. Shi ba mai ɗaga murya ba ne. Ya ce, "Ki rubuta, ko ki ɗaure kayanki ki bi ƙaninki tasha. 'Ya'ya kuwa nawa ne, ba inda za su."

Na dubi tabarmar. A lokacin ni ke goya ta zuwa bayi, ni ke juya ta in gefe guda ya gaji. Na tambayi kaina, in na fita yau wa zai yi mata gobe? Na ɗora takardar a bayan faifai na rubuta sunansa. Da ya fita da ita na ji akawu yana cewa, "Kai, masha Allah! Hannun nan ai ya fi na 'yan firamare kyau."

Ba a yi wata guda ba motar ta dawo tana walƙiya, sabuwar fitila, sabon fenti. Alhaji ya tsaya a ƙofar gidanmu ya yi oda sau biyu, ya aiko da ƙullin alewa a ba mara lafiya.

Magana ba ta ɓuya a ƙauye. Ban san bakin da ta fita ba, amma ranar da yarinyar ta fara fita da sanda, yaran unguwa suka bi ta suna kukan jaki. Jakar Alhaji, haka suka sa mata. Manya suna tsawatarwa suna danne dariya. Wata maƙwabciyata ta tare ni a bakin rijiya ta ce, "Ina gajiya, malama? An ce yanzu har kamfani kike yi wa rubutu." Na ce mata lafiya lau, na ja gugana.

Ƙanena da ya ji, ya zo bai ko zauna ba. Ya ce, "Yaya, da ma ba ki iya karatun ba. Da sai in ce ba ki sani ba." Ya shekara bai sake taka gidan ba.

Sai bayan shekara uku na sami kai ta Kano, da na sayar da tunkiyata da 'ya'yanta biyu, na ce wa maigidana biki za mu. Ƙanena ne ya kai mu. Likita ya ɗaga hoton ƙashin a haske ya girgiza kai. Ya ce ƙashin ya riga ya haɗe a karkace, ya yi ƙwari a haka. Da a watannin farko ne, da aiki ne mai sauƙi. Yanzu kuwa babban aiki ne mai tsada, kuma ko an yi ba zai ba mu tabbacin ƙafar za ta kamo 'yar'uwarta ba. Abin da ya fi, a ƙara wa takalminta tudu.

Ya tambaya, "Me ya same ta tun farko?"

Na buɗe baki, amma ta riga ni. "Daga bishiya na faɗo," in ji ta, idonta a kan bango. Ba wanda ya koya mata. Likita ya rubuta.

A hanyar dawowa muka tsaya kasuwar Gumel wurin mai gyaran takalmi. Ya sa ta tsaya a kan katako, yana yanko tsohuwar taya yana cusawa a ƙarƙashin tafinta. Ya sa ɗaya, kafaɗarta ba ta miƙe ba. Ya sa na biyu. Ya ja da baya ya duba, ya ƙara na uku. Ya ce, "Yauwa. Amma duk shekara ku dawo, tana girma ratar tana ƙaruwa."

Ya ɗinke ya miƙa mata. Ta juya takalmin a hannu tana duban layukan tayar. Ba ta yi wa mutumin magana ba, ni ta yi wa, kuma ba ta dube ni ba.

"Inna, ki ce masa ya shafe shi da baƙi, kada a ga layin."

Na faɗa masa, ya shafe. Ta saka, ta yi gaba zuwa inda motar kawunta take, ba ta jira ni ba. Na tsaya biyan mai takalmi ina jin tafiyarta a bayana, ƙafa ɗaya shiru, ɗayar tana bugun ƙasa.