Ɗigo Bakwai a Shayin Nabawiyya

Shekara talatin da ɗaya Abdul-Tawwab ya yi yana hura wuta a ƙarƙashin tukunyar tatsar man ɗaɗɗoya, a wani ƙauye na Fayyum, a ƙasar Masar. Ko wanka ya yi ƙamshin ba ya barin jikinsa, har matarsa Nabawiyya kan ce ita ba ta taɓa sayen turare ba, kwalbar ta aura sukutum. Mutumin kirki ne, sai dai taurin kai, in ya kafe ko jaki ya sallama masa.

Tun tana amarya Nabawiyya ke fama da ciwon ciki, maganinta kuwa ganyen ɗaɗɗoya biyar a ruwan zafi, yadda uwarta ta koya mata. Shi kuwa gogan ya raina ganye. Ai da idonsa yake ganin an ɗura amalanke guda a tukunya, man da zai fito bai cika kwalba ba.

"Ke Ummu Ihsan, ruwan bunu kike sha," in ji shi. "Albarkar gona guda tana cikin kwalbar nan."

"Bar ni da ruwan bununa. Wannan naka ƙona maƙogwaro yake yi."

"To da magani alewa ne?"

Ta gaji da musu ta ƙyale shi. Kullum safiya ya ɗiga mata ɗigo bakwai na man a shayi da hannunsa, har shekara shida, yana bugun ƙirji wai kaf ƙauyen babu macen da ake tattali kamar tasa. Da idanunta suka koma ruwan ɗorawa, likita ya ce hanta ce. Ba ta ga azumin shekarar ba.

'Yarsu tilo, Ihsan, aikinta ke nan a jami'a, gwada magungunan gargajiya a jikin ɓeraye, aikin da uban ya sha yi wa dariya. Bayan sadakar arba'in sai ga shi a ƙofarta, kwalba a hannu ɗaya, damin ganye a ɗaya.

"Gwada min su duka biyun," ya ce, bai ko zauna ba.

Bayan wata uku ta zo gida ranar Alhamis, ta tarar yana tsinkar ɗaɗɗoyar da zai kai kabari, kamar yadda kowa a ƙauyen ke kai wa mamacinsa.

"Baba, waɗanda suka sha ruwan ganyen lafiya lau, har ƙiba suka yi."

"Na man fa?"

"Ɓera ai ba mutum ba ne. Kuma ka san mutum nawa hanta ta kashe a ƙauyen nan, ba su taɓa..."

"Ba shi na tambaye ki ba, 'yar nan."

Ta sunkuyar da kai. "Hantarsu ta lalace. Amma wallahi, Baba, babu mai iya ce maka shi ya kashe Mama, ko ba shi ba. Ni ma ban sani ba."

Da ta ce masa shi ne, da ya yi kukansa ya nemi gafara. Wannan rashin sanin shi ya ci shi. Ya bar aikin tukunya, bakin nan mai musu ya mutu.

Har yau duk Alhamis yana zuwa maƙabarta. Mutane na zube dami-dami, shi kuwa sai ya durƙusa ya ƙirga ganye biyar, ya jera a kan kabarin.

"Ga shi, Ummu Ihsan," yakan ce. "Yadda kika ce."