Gita Marar Kai da Garayar Maigidana

Sallar asuba kawai muka idar muka kama hanyar tasha, ni da ƙanwar maigidana marigayi. Bakin tafkin Madarumfa bai gama washewa ba, masunta na ta tura kwale-kwalensu. Ban karya kumallo ba. Tun jiya abinci ya ƙi shiga.

Ga abin da ya fitar da ni. Jiya da la'asar wata mai kai kifi Maraɗi ta shigo gidana, ko zama ba ta yi ba ta ce, "Inna, na ga Autanki yana kiɗa a gidan biki. Abin da ke rataye a wuyansa ba shi da kai, guntule ne, kamar an sare shi da gatari." To ni abin kiɗa ɗaya na sani a hannun Auta, garayar ubansa. Ubansa makaɗin maharba ne. Shi ya sassaƙa ta da hannunsa, ni na jeme fatar gadar da aka rufe ta da ita. A kanta ake ɗaura ceba, ƙarfen nan mai zobba da ke amsawa in an taɓa tsirkiya. Ranar rabon gado na miƙa wa Auta ita a gaban dattawa, ya tafi birni da ita. Yanzu a zo a ce mini ba ta da kai? Na rantse sai na ɗauko ta, ko guntuwarta ce.

Kamyon 'yan kasuwa muka samu, babbar motar kaya, an labta masa albasa da busasshen kifi. A kan buhun wake na zauna. Muka tafi, muka tafi, hanya duk gargada, zafin bazara ya sauko tun hantsi bai yi ba. Gefen gulbi lambuna sun yi kore, taba da tumatir, amma daga ka ɗaga ido sama da kwari sai busasshiyar ƙasa, da kututturan itatuwan da farin nan na shekarun baya ya kashe. Wata mata kusa da ni ta ɗaura zani kan zani, duk atamfar Najeriya, don kada 'yan duwan, masu karɓar harajin kaya, su ga sabon kaya. Gumi na zuba mata har haɓa, tana cewa sanyi take ji. A shingen jandarma aka sauke mu, ana ta zazzage kaya. Wani jandarma ya dube ni hannu rabbana ya ce, "Tsohuwa, ke me kika ɗauko?"

Na ce, "Ɓacin rai, ɗana. Shi ma ana biya masa duwan?"

Ya yi dariya ya ce in hau.

Maraɗi ta cika ta batse. Ƙullin kifin tafkinmu da muke bayarwa dala biyar, na ji wata na kiransa dala ashirin ko ƙifta ido ba ta yi ba. Abokiyar tafiyata ta matsa mini na sha fura a gindin wata dalbejiya, furar kuwa gari ya yi mata kaɗan, ruwa ya yi mata yawa. Daga nan muka yi ta tambaya har aka kai mu wani gida a bayan tasha, inda 'yan orkes, wato ƙungiyar makaɗan zamani, ke gwajin kiɗansu.

Tun daga ƙofa na ji wani abu na bugun ƙirjina. Ba a kunne na ji shi ba, a ƙashi na ji shi. Na ɗaga labule, ga Auta tsaye da abin a wuyansa. Yana ganina ya sauke shi ya durƙusa.

"Inna! Lafiya? Wa ya rasu?"

"Miƙo mini abin nan."

Ya miƙo. Ina karɓa na san ba ita ba ce. Wannan katako ne zalla, ja mai sheƙi, babu fata ko ta tafin hannu. Na sauke ajiyar zuciya, na zauna a kan benci da abin a cinyata. Auta ya ce sunanta gita bas, daga Kano aka kawo ta. A hanya kaya suka danne ta, kan ya karye. Wani mai aikin katako ya daidaita wurin da zarto, ya danne bakin tsirkiyoyin da ƙarfe, kunnuwan da ake murzawa a ɗaure tsirkiya kuma ya mayar da su gindi.

Na zauna da mai sassaƙa tun ina yarinya har na yi furfura, saboda haka na duba ta yadda ake duba aiki. Na so in sami aibi. Na bi wuyan da yatsa daga sama har ƙasa, sumul, babu tsaga, babu gefen da ke kama fata. Ƙananan ƙarafan da aka jera a gicciye duk sun zauna daram. Inda wuya ya haɗu da jiki ko tsinke ba zai shiga ba. Tsirkiya huɗu ne, na ƙarfe, babbar ta kai kaurin tsinken tsire, amma na danna ta sai ta kwanta ba gardama. Auta ya ce da tana da kai, kan ke rinjaya ƙasa, sai ya riƙa tallafe ta da hannu yana kiɗa. Yanzu inda ya ajiye ta a ƙirji nan take tsayawa. Na ja tsirkiya ɗaya, sai wani ɗan gunaguni kamar na ƙudan zuma a tulu.

Na ce, "Wannan ce muryar? Ai bebiya ce."

Ya ce, "Sai an ba ta kuran, Inna."

Ya soka mata wayar lantarki ya haɗa da wani baƙin akwati, ya taɓa ta da yatsu biyu. Kwanon da ke kan taga ya kama rawa. Murya ce mai kauri, mai zurfi, ba ta kaushi, tana fita ta daɗe ba ta mutu ba, kamar cida daga nesa kafin ruwa. Ƙananan tsirkiyoyin kuma suna magana sarai, ɗaya bayan ɗaya. Ban ce masa ta yi daɗi ba. Na ce ya kashe.

"To na ga wannan. Ina garayar ubanka?"

Abokansa suka fara sulalewa waje.

"Tana nan, Inna."

"Nan ina?"

Ya sunkuyar da kai. Mai aikin katakon nan, in ji shi, ya ƙi karɓar lada, ya ce garayar yake so. Auta ya ba shi, shi kuma ya ba wani mai otal.

"Ka ba da muryar ubanka a gyara maka katakon Kano?"

"Inna, ba mai gayyatar garaya yanzu. Maharban ma ina suke?"

"Ban tambaye ka maharba ba. Tashi ka wuce gaba."

Da rana tsaka, ni da ban taɓa taka irin wurin nan ba, na shiga otal. Warin giyar jiya bai fita ba. Ga ta can a bango, sama da kwalabe, tsakanin wata tsohuwar garkuwa da faifan kaba. Kanta na nan, cebarta na nan. Amma ƙusa aka kafa mata ta tsakiyar fata, aka shafe ta da man nan mai ƙyalli da ake shafa wa kujeru, har tsirkiyoyin. Fatar da na kwana ina murzawa da hannuna ta sandare kamar ƙoƙo.

Mai otal ɗin ya fito yana goge hannu, mutum mai fara'a. Ya ce, "Sannu da zuwa, Inna. Baƙi na son ta ƙwarai, har hoto suke ɗauka."

Na ce, "Wannan ta sa maza sun shiga daji sun tari ɓauna. Sauko mini da ita."

"Ai ba ni aka yi."

"Wanda ya ba ka ba tasa ba ce. Wanda ya ba shi ma amana aka ba shi. Ka sauko da ita, ko in shimfiɗa zanena a ƙofar nan in zauna, duk wanda ya zo shan giya ya tsallake ni."

Ya dube ni, ya dubi Auta, ya ce a kawo kujera. Auta ne ya hau. Yana zare ƙusar fatar ta tsage har gefe, ƙararta kamar an karya busasshen kara. Na karɓa na ja tsirkiya. Ba ta ce komai ba. Ceba kaɗai ta ɗan motsa.

Auta ya biyo mu har tasha yana cewa zai nemo fata, zai gyara. Na ce fatar me? Gada ta ƙare a dajinmu tun fari, wadda ta rage kuma masu gandun daji sun hana a taɓa. Fatar akuya za ta rufe ramin, amma ba za ta yi maganar ba. Ya miƙo hannu zai riƙe mini ita in hau mota, na ce ya janye hannunsa.

A hanyar komawa na goya ta a baya da zane kamar jinjiri, don kada buhuna su danne ta. Wata ta ɗauka jikana ne, ta leƙo za ta yi masa wasa, ta ga itace, ta koma mazauninta. Mun iso Madarumfa ana kiran magariba. Na rataye ta a ɗakina da igiya, ba da ƙusa ba, kuma daga nan sai ranar da aka fitar da ni.

Abin da tafiyar nan ta koya mini, gado irin wannan ba a ba da shi don mutum ɗa ne. A bari sai wanda ya zo ya roƙa, ya sake roƙo. Amma ba wannan ke hana ni sukuni ba. Da Auta bai iya ba, da na huce, in ce dama ba rabonsa ba ne. To na ga yatsunsa a kan wayoyin nan. Yadda yake jinkirta bugu na biyu, yadda yake karkata kafaɗa in kiɗa ya kama shi, ba wanda ya koya masa wannan a birni. Hannun ubansa ne sak, yana can yana sa mutanen otal rawa.