Wankin Cikin da Na Yi wa Inna

Saura kaɗan in fasa aiko da labarin nan, don ni na saba in ba da labari a yi wa wani dariya, ban saba da wanda ni ne wawan cikinsa ba. Amma na gaji da riƙonsa.

Lokacin ba a daɗe da ba mu jiha ba, ina fataucin hatsi, in loda dawa a kasuwar Tsafe in kai kudu. Na ga Ikko, na ga Fatakwal, na leƙa Kamaru, har na soma jin kaina rabin likita. A wurin direbobi na koyo cewa in ka ci abincin hanya, sai ka haɗiye kafso ja da rawaya guda biyu, wai wankin ciki. Mahaifiyata kuwa tana Karakkai, tsohuwa tukuf amma da ƙafarta take zuwa gona. Kullum da hantsi wata Bafulatana takan kawo mata kindirmo ta dama fura, da yamma tuwon dawa da miyar kuka mai daddawa. Wata rana na ga ƙuda ya sauka a bakin ƙwaryar, sai boko ya motsa mani. Na sallami matar nan, na jibge wa Inna madarar gwangwani da burodi da sukari, na ce duk Juma'a da Litinin ta sha kafso. Ta yi mani tsiya, wai ɗanta ya je teku ya dawo da tsoron nono. Amma ta sha, don kada in ji ba daɗi.

Kafin damina ta fita, gudawa ta kama ta. Na ce ai dattin ne ke fita, na ƙara mata kafso. Na tafi Ikko na dawo, na iske ta a tabarma, zanen da take ɗaurawa sau ɗaya yana zagaye ta sau biyu.

Da na kai ta asibiti a Gusau, wani likita ɗan kudu, mai Hausa a karye, ya sa na zazzage mashi kafson da ke aljihuna. Ya daɗe yana kallona. Ya ce a hanjin kowa akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, masu amfani, su ke taya ciki sarrafa abinci, su kuma hana miyagun samun wurin zama. Kafso bai san na gida da baƙo ba, duka yake kashewa. Ya ce abincin da na raina, mai dusa da mai tsami, shi ke riƙe da su.

Inna ta tashi, alhamdu lillahi, amma gona ba ta ƙara zuwa ba. Iyakarta ƙofar gida da sanda. Ba ta taɓa ce mani komai ba, abin da ya fi ci mani rai ke nan. Yanzu ni ma na kama hanyar tsufa, ciki ya yi gaba, ciwon sukari na yi mani barazana, sai ga shi ana cewa halittun nan har a wannan ma suna da hannu. Don Allah jama'a, kada ku sha kafso sai likita ya ce, kada kuma ku canja wa tsoho cimarsa don kun ga duniya.

Da aka sallame mu daga asibiti, na taka har rugar Bafulatanar nan wajen Nahuce, na roƙe ta ta ci gaba da kawo nono. Ba ta yi fushi ba. Ta gama jin bayanina kaf, tana kaɗa kai, sannan ta ce, Alhaji, wai tun farko me Inna ta ce maka yana yi mata ciwo?