Kujerun Aro

Ban taɓa shiga aji ba, amma na daɗe ina suyar ƙosai a bakin masaƙa a Kakuri tun kafin a rufe ta, kuma a nan na koyi duban mutane. Wanda ya zo da fara'a da yawa, shi nake fara sa wa ido. Shi ya sa ranar da jikata ta faɗo ɗakinmu a Makera tana tsalle, ban yi guɗa ba. 'Yar ɗana ce, tana hannuna tun rasuwarsa. Wai wata jami'a mai zaman kanta, irin ta 'ya'yan masu hali, za ta ɗauke ta karatun haɗa magunguna kyauta, har da ɗakin kwana da abinci.

Na ce, "Kyauta? Ubanki ne ya gina makarantar?"

"Kaka, tallafi ne. Na 'ya'yan talakawa da suka ci jarrabawa sosai."

"To su me za su samu?"

Sai ta ce saura abu ɗaya: ranar Alhamis za su turo mutane su ga gidanmu.

Nan hankalina ya tashi. Ni a sanina, ba a zuwa ganin gidan yarinya sai don a auna ta. Na ga dangin miji sun shigo gida suna murmushi, idonsu na kan labule da kwanuka, sun fita magana ta mutu. Waɗannan ma, na ce a raina, so suke su gani ko za ta iya zama cikin 'ya'yansu. Su tarar da tabarma da gado ɗaya da kaskon suya, su koma su ce ba ta dace ba.

Ta ce, "Kaka, don Allah kada ki taɓa komai. Yadda muke, haka za su gan mu."

Na ce to. Yarinya ce, me ta sani?

Ranar da safe ta tafi Unguwar Boro karɓo wata takarda a tsohuwar makarantarsu, daga can ta taro baƙin a bakin titi. Tana fita na ƙwanƙwasa wa maƙwabciyata, Maman 'yan biyu, mutuniyar kudancin Kaduna, mijinta na aiki a wani kamfani a Kudenda. Muka kinkimo kujerunta na kushin, da talabijin, da ƙaramin firji. Matar mai gidan hayarmu ta ba ni kafet da labule. Kasko da murhu na kai su bayan banɗaki na rufe da buhu. Na ɗaura leshin da nake zuwa biki da shi.

Su biyu suka zo: wata mata mai tabarau riƙe da fayil, da wani dattijo. Jikata ta ɗaga labule ta tsaya cak. Na harare ta, ta sunkuyar da kai.

Matar ta zauna, ta shafa hannun kujera. Ta dubi talabijin, ta rubuta. Na ce a raina, auna da kyau.

"Mama, firjin nan naku ne?"

"Na wa zai zama?"

"Wace sana'a kike yi?"

"Ina ɗan taɓa kasuwanci."

Ta dubi dattijon, ta rufe fayil. Ba ni ta yi wa magana ba, yarinyar ta juya wa. Ta ce, "A takardarki kin rubuta cewa ƙosai kakarki take soyawa, kuma a tabarma kike kwana. Guraben nan kaɗan ne, masu nema da yawa. Mukan samu masu rubuta abin da ba haka ba, shi ya sa muke zuwa da kanmu."

Na jira yarinyar ta kare kanta. Amma ni na hore ta, ba ta ƙaryata babba a gaban baƙi. Hawaye kawai ke ɗiga a kan kafet ɗin mutane. Sai a lokacin na gane: ba arzikinmu suka zo aunawa ba, rashinmu suka zo gani. Ni kuma na ɓoye shi, na mai da jikata maƙaryaciya.

Na miƙe na leƙa tsakar gida. "Maman 'yan biyu! Zo ki kwashe kayanki!"

Ta fito tana goge hannu a zani. "Haba Mama, baƙi fa na zaune a kai!"

"Su tashi. Ai sun huta."

Suka tashi kuwa. Na buɗe firjin a gabansu, ba komai ciki, ko sanyi babu, don an daɗe da yanke mana wuta. Maman 'yan biyu ta ɗaga kujera tana cewa, "Madam, ki rubuta nawa ne, kada gobe a ce na Mama ne in rasa na zama." Dattijon ya juya baya, yana ƙunshe dariya. Aka naɗe kafet, simintinmu mai ramuka ya fito. Na janyo kasko daga bayan banɗaki na dire shi a tsakar ɗaki, na miƙa wa matar hannuwana ta ga tabon mai.

Na ce, "Ƙaryar tawa ce. Ita ba ta iya ba."

Matar ta sake buɗe fayil. Ta ciro waya za ta ɗauki hoto, na tare ta. "Ɗakin ki ɗauka. Fuskarta a'a. Ba za a riƙa yawo da ita ana nuna wa masu kuɗi ba."

Ta ce ta yarda. Na tsaya a bayanta ina kallon wayar har ta gama.

Bayan sati uku saƙo ya zo, sun ɗauke ta. Yanzu tana shekara ta uku. Duk hutu in ta dawo nakan zuba mata ido: ko za ta yatsina fuska ga tabarma, ko za ta nemi cokali a kan tuwo. Ba ta yi ba tukuna. Ta ce in ta gama za ta saya mini kujeru nawa na kaina. Na ce ta gama ɗin dai. Har yau ban gano abin da mutanen nan za su samu ba, kuma ban daina dubawa ba.