Yadda muka saɓa wa Bappa saboda albasa

A shekarar da ruwa ya ci gidanmu na bakin gulbi, kusa da Jega, babu wanda ya kai mu tsoron Allah. Ruwan ya shigo da hantsi, muna ji muna gani, ya kwantar da katangar zaure, ya bi ta ɗakin Gwaggo ya fito da tukwanenta suna yawo a tsakar gida. Da kwalekwale aka fitar da mu. Muka yi mako biyu a ajin wata firamare, mu da awaki, kuma a cikin makon nan biyu ban ga wanda ya makara sallar asuba ba, har da ni.

Bappa, yayan mahaifina, shi ne babba a gidanmu. Dogon mutum ne mai ƙarancin magana, ba ya dariya sai da ƙwaƙƙwaran dalili. Yana da wata gona a kan tudu ta wajen Maiyama, tun zamanin da yake fataucin shanu. Ya tara mu a gindin darbejiyar makarantar ya ce ruwa ya daɗe yana yi mana gargaɗi, bana kuma ya yi magana da babbar murya, don haka za mu tashi mu koma tudu gaba ɗaya. Ya ce wanda bai yarda ba ya faɗa yanzu.

Babu wanda ya faɗa. Gwaggo, ƙanwarsu da ta dawo gida bayan rasuwar mijinta, ta ce ko cikin dutse Yaya zai kai ta za ta bi shi. Baba ya ce maganar Yaya ita ce tasa. Ni kuwa, da aurena bai cika shekara ba kuma matata tana sauraro daga bayan taga, na ɗaga murya fiye da kowa na ce in na sake taka fadamar nan da niyyar zama kada a ƙara kirana namiji. Aka shafa fatiha.

Tudun bai yi mana laifin komai ba, wannan dole in faɗa. Babu sauro, babu zazzaɓi, babu mai tashi ya leƙa ko ruwa ya iso bakin ƙofa. Damina ta zagayo, gero ya yi, wake ya yi, rumbu ya cika. Rijiyar ce dai mai zurfi, sai ka ja guga har ka manta abin da za ka yi da ruwan. Da cikinmu ya ɗauka, sai muka sami lokacin tunani, kuma abin da muka tuno shi ne an cuce mu.

Gwaggo ce ta buɗe fage. Kullum aka sauke tukunya sai ta ɗanɗana ta ce, “Miyar ga ba ta da rai. Ina kihi? Ina albasa?” Albasar akwai ta, amma sayowa ake yi, kashi-kashi, a hannun mai tebur. Mu da a da muke loda buhuna zuwa Aliero, manyan motoci su kwasa su yi Kudu, yau mu ne muke tsaye ana zaɓa mana ƙanana uku ana ƙara mana ɗaya gyara. A bakinmu fadama ta zama aljanna. Kifinta ya ƙara girma, albasarta ta kai kan jariri. Ruwan da ya kusa tafiya da mu kuwa ya zama ɗan yayyafi da aka yi wa mummunar fahimta.

Maƙwabcinmu a tudun wani malamin firamare ne, mutumin ƙasar Zuru, Kirista, kowa yana ce masa Tica. Shi kaɗai Bappa yake zama da shi bayan la'asar, a kan benci a ƙofar gida. Wata rana ina gefe ina gyaran sarƙar babur ɗina, muryar Gwaggo ta tsallako ta kan zana tana lissafa abubuwan da aka raba ta da su. Tica ya saurara har ta kai kan albasa, sannan ya fashe da dariya.

“Alhaji, ka yi haƙuri,” in ji shi. “Wannan lissafin na san shi. Yana cikin tsohon littafinmu. Bani Isra'ila ne, bayan an fitar da su daga bauta an tsaga musu teku. Ana saukar musu da abinci daga sama kullum safiya, suka zauna suna kukan kifin Masar da albasarta da tafarnuwa.”

“Mu ma muna da shi,” Bappa ya ce. “Mun ji shi wurin tafsiri.”

Daga nan suka sami abin hira na watanni. Tica ya kawo nasa, Bappa ya kawo nasa, su gwada. Yadda mutanen suka yi alkawari da baki ɗaya a gindin dutse cewa duk abin da aka umarce su za su yi. Yadda annabinsu ya hau dutsen ya daɗe, kafin ya sauko sun narka 'yan kunnen matansu sun yi ɗan maraƙi suna yi masa rawa. Yadda in wuya ta kama su sai su tuba da kuka, a cece su, in sun huta su koma. A kan ɗan maraƙin ne kawai suka saɓa. Tica ya ce a nasu littafin ɗan'uwan annabin, wanda aka bar wa jama'a, shi ya karɓi zinariyar, da aka tambaye shi kuma ya ce shi dai ya jefa ta wuta ne sai ga maraƙi ya fito. Bappa ya ce a'a, annabi ba ya haka, wani munafuki ne a cikinsu ya ƙera shi. Kowa ya riƙe nasa, suka ci gaba da cin gyaɗa.

Da Tica ya ce ai Bappa ne jagoran da ya fitar da mu, Bappa ya ɗaure fuska ya yi a'uziyya, ya ce kada a haɗa shi da annabawa, shi manomi ne. Amma cewa mu Bani Isra'ila ne, wannan bai taɓa musa shi ba.

Ni ina jin duk wannan ina girgiza kai, ina mamakin taurin kan mutanen da. A ce an tsaga maka teku ka gani da idonka, sannan ka koma kana zancen albasa.

Bayan an gama girbi aka ce za a yi wa Bappa aikin yanar ido. Zai kwanta asibiti, daga nan ya zauna gidan 'yarsa a Jega har idon ya warke. Ranar tafiya ya kira Baba a gabanmu ya ce, “Ga gida nan. Kada kowa shi motsa sai na dawo.” Baba ya ce in Allah ya yarda ko kaza ba za ta motsa ba.

Kwana tara da tafiyarsa na kai wani fasinja Aliero a babur ɗina. Lokacin dashe ne. Ko'ina ka duba mutane ne da dammunan irin albasa a bayan babur, kore shar, ƙamshinsa ya cika hanya. Wani abokina ya ce mini ruwa ya janye daga fadamarmu ya bar laka mai kyau, har wasu sun fara tambayar ko mun bar ta ke nan. Na dawo gida na gaya wa Gwaggo, don na san inda ake kai irin wannan labari.

Ba mu yi tawaye ba, mu mutanen kirki ne. Dubawa kawai muka je yi. Da muka duba muka ga bai kamata a bar ƙasa haka ba, sai muka ja 'yan fangali kaɗan na dashen albasa. Fangali yana son mai ban ruwa, mai ban ruwa yana son bukka, mai bukka yana son a dafa masa abinci. Matata ta zo dafa abinci. Gwaggo ta zo taya ta, da tukwanenta duka. Kullum muka tambayi Baba sai ya ce shi bai ce a tafi ba, bai kuma ce a zauna ba. A mako na huɗu ni na goya shi a babur, da buzunsa da butarsa, shi ma zai je ya duba.

Inna, matar Bappa, ita kaɗai ta ƙi. Na je ɗaukarta ta ce mijinta ya ce kada a motsa, ita kuma ba ta ji ya aiko da wata magana ba. Ta juya ta ci gaba da ba kaji dawa.

Bappa ya dawo da baƙin tabarau da ido sabo. Shekaru yana ganin duniya dishi-dishi, abin da ya fara gani tar shi ne gidansa babu kowa sai Inna da kaji. Washegari Tica ya goyo shi a babur har fadama. Muna tsakiyar ban ruwa, injin yana ta ƙara, Gwaggo tana ƙofar bukka tana gyaran kifi tana 'yar waƙarta. Na hango su na kashe injin.

Bappa ya tsaya a kan kunya ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ce wa Baba, “Mi kunka yi haka?”

Baba ya cire hula ya mayar. “Yaya, ni ban ce a tashi ba. Cewa niy yi a zo a duba. Sai dai nig ga gari ya tashi.”

Tica ya juya baya yana kallon gulbi, kafaɗunsa suna rawa. Bappa ya dube shi ta gefen tabarau ya ce, “Tica, kada ka ce komi.” Tica ya ce ai bai ce ba.

Sai Bappa ya juyo kaina. Ya tambaye ni ko na tuna abin da na ce a gindin darbejiya. Na ce na tuna, amma ni cewa na yi da niyyar zama, wannan kuwa ba zama ba ne, aiki ne. Ya dubi bukkata, da gadon ƙarfe a ciki da labule a ƙofa da akuya ɗaure a gefe. Ya ce to, Allah shi ba da sa'a, ya hau bayan Tica suka tafi. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Albasa ta yi kyau a shekarar, abin da ya ƙara tabbatar mana cewa mu ne masu gaskiya. Muka tayar da katanga, muka yi rufi. Damina ta biyu ruwa ya dawo ya karɓi katangar da rufin da rabin tukwanen Gwaggo. Muka isa tudu a bayan motar ɗaukar yashi, jiƙe, Gwaggo tana kuka tana cewa Yaya ya yafe mata, shaiɗan ne. Bappa ya sa aka buɗe mana ɗakunanmu. Ashe duk wannan lokacin yana sa ana share su, yana gyara inda ya yi yoyo. Baba ya fara wani sabon alkawari, Bappa ya ɗaga hannu ya ce a bar shi haka, a ba yara abinci.

Alkawarin dai sai da muka yi shi, don ba ma iya zama babu shi. Ya kai mu har kaka. Da iri ya fito a Aliero na je dubawa.

Haka muke har yau, damina a tudu, rani a fadama, kuma kowace tafiya sai mun ce ita ce ta ƙarshe. Tica ya yi ritaya ya koma ƙasarsu. Bappa ya rasu a tudu cikin wani rani, muna fadama muna cirar albasa. Inna ce ta aiko, muka bar buhuna a buɗe muka hau babura, muka isa ana gama yi masa wanka.